Hure Mai Wankan Gawa

A Nasarawa Burkullu, idan mace ta cika, gidan Hure ake fara aikawa. Ita ce mai wankan gawa. Wajen Innarta ta gaji aikin tare da sharaɗinsa: abin da ido ya gani a ƙarƙashin zane, baki ba ya faɗa. Larai, ƙawarta tun ƙuruciya, ita ke zuba mata ruwa.

Ta sha kwance tsumma daga ƙirjin matan da aka ce zazzaɓi ne ajalinsu, ta tarar nono ya ruɓe, an danƙara masa garin magani. Takan wanke, ta rufe, ta fito ta ce wa dangi, "Ta yi kyau, Allah ya jiƙanta."

Bana da damina ta ji ƙululu a nata na hagu. Sista Zipporah ta asibitin garin ta matsa mata har ta je Sakkwato aka auna. Ciwon daji ne. Likita ya ce bai yi nisa ba, amma sai an cire nonon.

Hure ta dawo ta ce ta bar wa Allah, 'yan gida suka yi ta yaba tawakkalinta. Ita kuwa ta san ba tawakkali ba ne, ba kuma tsoron wuƙa ba. Wata rana ita ma za a ɗaga zanenta. Ita da ta ga tsiraicin matan gari ba wadda ta ga nata, ta kasa jure a tarar da ita gefe guda a shafe. Girman kai ne ta sa wa hijabi.

Ana cikin haka aka kira su wankan wata mai goyo. Da suka kwance ƙirjin, Larai ta kau da kai. Bayan ɗaki, suna wanke hannu, ta ce, "Ke Hure, in kin bar naki ya kai haka, ki nemi wata mai ruwa."

"Wa ya ce ke za ki wanke ni? Ke da tari ke kadawa duk sanyi? Ni zan rufe ki."

"To tahi a cire shi, ki dawo ki jira ni."

Hure ta yi ta cuɗa yatsunta. Can ta ce, "In an ɗaga zane an ga waje guda hwa?"

"Ni ce mai gani. Tabon ɗinki ya fiye mini wanga da munka rufe yanzu."

Tunanin yarinyar da suka wanke Hure take yi: da ta taɓa jin wata ta ambaci ciwon a fili, da ƙila ta nuna nata. Sirrin matattu ba na Hure ba ne balle ta tona. Nata kuwa nata ne.

Ta shiga tsakar gida inda mata ke zaman makoki, ta tsaya a tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni Hure, daji gare ni a nono. Za ni Sakkwato a cire shi. Wadda ta ji wani abu a nata, motar Gummi zuwa Sakkwato ba ni kaɗai take ɗauka ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Hure, a gidan mutuwa?"

"Ina kika taɓa ganina in ba nan ba, Inna?" Ta ɗauki butarta. "Kuma kada wadda ta mutu kafin in dawo. Larai ba ta iya ɗaurin likkafani ba."