Shafin Ƙarshe na Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, wadda masu karatu suka sani da Mai Fassara, bayan jinyar mako biyu.

Yaya, wanda ya san ki ta littafi kawai zai rantse ba kya dariya. Shekara ashirin kina juyo mana labaran matan wasu ƙasashe zuwa Hausa, ba ki taɓa zaɓar mai daɗi ba: uwa ta waiwaya a kasuwa babu ɗanta, wata tana zargin jaririn da aka miƙo mata ba nata ba ne. Ni da nake gyara miki rubutu, tsikar jikina tashi take yi. Ke kuwa kina teburin nan mai gajeriyar ƙafa da kika tokare da tsohon ƙamus, kina ƙyalƙyala dariya. "Matsoraciya, waƙafi na ce ki duba mini!" Amma na san sirrinki. Duk babin da ya yi tsanani, sai kin kira 'ya'yanki huɗu ɗaya bayan ɗaya, kin tambayi inda kowane jika yake.

Littafin ƙarshe ne ya ba ki wuya. Marubuciyar ta ƙi faɗar ko ɗan da ke cikin haɗari namiji ne ko mace, don kowace uwa ta ga nata. Harshenta ya yarda da haka, Hausa kuwa dole a ce "ya" ko "ta". Mai ɗab'i ya ce ki zaɓi ɗaya kowa ya huta. Kika ce ba za ki yi wa mace 'yar'uwarki shisshigi a haihuwarta ba. Kika raɗa suna Auta, kika bi ta ɓarauniyar hanya: "barci ya ɗauke Auta", "aka ji kukan Auta". Shafi ɗari biyu ba ki yi tuntuɓe ba.

Saura shafi ɗaya ciwo ya kwantar da ke. A asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Ki ƙarasa. In kika tona jinsin Auta, ban yafe ba." Murmushi kike yi, amma na san ba wasa ba ne.

Jimlar ƙarshe ce ta tsaya mini a wuya. An tsamo Auta daga rijiya, uwar ta durƙusa, ana jiran a ga motsi. Kwana tara ina rubutawa ina sokewa, ina jin haushinki, ina kewarki. Jiya na samu: "Numfashi ya dawo wa Auta." Don murna na ɗauki waya in gaya miki, sai da na danna lambarki na tuna.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da jikokinki, da duk uwar da ta taɓa rufe littafinki ta je ta leƙa ɗakin yara. Allah ya ba mu haƙuri, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.