Haƙorin Yayata

Shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, yayata ta zo Damagaram daga ƙauyensu na wajen Garagumsa, ta ɗaure kumatunta da ɗankwali. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya tafi cin rani kudu, wata biyar babu saƙo, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da awaki biyu. Ni kuwa ina koyarwa a wata lakkol ta cikin gari, albashi sai ran da ya ga dama yake zuwa.

Abin da ya kawo ta bai taka kara ya karya ba. Haƙorinta ne, matauni na ƙasa, ya ruɓe, tana so a cire shi ta koma gida, ɗan kuɗin da ta ƙullo a bakin zane ma ya isa. Ni na hana. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani likitan haƙori da ya buɗe ɗakin kansa a bayan kasuwa, wai yana kashe jijiyar haƙori, ya wanke ramin, ya cike, haƙorin ya zauna har tsufa. Na ce mata cire haƙori aikin mutanen dā ne. Ta dube ni kawai, ta ce ni na yi karatu.

Jaka talatin na sefa ya yanka mana. Goma gare ni. Ta aika gida aka sayar da awakin, duk sun rame, a shekarar da kowa ke neman rabuwa da dabbarsa. Sau uku muka je. Kowane zuwa tana kwance a kujera ta damƙe hannun kujerar, shi yana soka wasu siraran allurai a cikin haƙorin, ba ta taɓa cewa wash ba. Ciwon ya kwanta, na sa ta a mota ina jin na yi abin kai.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki wata maƙwabciyarta ta zo kasuwa, ta neme ni a lakkol. Ta ce fuskar Yaya ta kumbura har ido ya rufe, baki ba ya buɗuwa, kunu ake ɗura mata da ludayi. Na je na ɗauko ta zuwa babban asibiti. Aka yi mata hoton muƙamuƙi, likitan wurin ya ɗaga shi a taga ya nuna mini wani ɗan farin layi a cikin saiwar haƙorin. Ya ce bakin allura ne ya karye a ciki aka rufe a kansa, mugunya ta taru har ta fara cin ƙashi. Sai an cire haƙorin an tsaga wurin, kuma maganin mu za mu saya.

Na ɗauki hoton na tafi wajen likitan nan na bayan kasuwa. Bai musa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce irin wannan yana faruwa ga kowane likita. Na ce to ya maido kuɗin, ko ya ɗauki nauyin magani. Sai ya jawo wata takarda ya shimfiɗa a tebur, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman lakkol.

"Mushe, wannan ba sa hannunka ba ne? An rubuta cewa aikin yana iya ƙin ci. Aikina kuka biya, ba alkawarin warkewa ba."

Sa hannuna ne. Da Faransanci aka rubuta ta, harshen da nake koya wa yara kullum, kuma ban karanta ba. Ya ce abin da zai iya shi ne ya cire haƙorin kyauta. Da na gaya wa Yaya, ta girgiza kai ta juya fuska bango.

Na je wajen mai unguwa, ya saurare ni da kyau, ya ce shi bai san yadda ake shari'ar abin da ke cikin bakin mutum ba, in bar wa Allah. A kwamisariya 'yan sanda suka ce ba a doki kowa ba, ba a yi sata ba, sai dai in shigar da ƙara, kuma abin da zan kashe zai fi abin da nake bi. Daga nan na daina yawo.

Na sayar da kekena, kuɗin ya sayi maganin kwana biyar. Na sauran kwanakin Yaya ce ta miƙo mini kuɗin, ta ce wata 'yar'uwar mijinta ta taimaka. Na karɓa ban bincika ba, don ba na son in sani. Sai da damina ta faɗi na je ƙauyen, na tarar kwata ɗaya na gonarta kawai aka shuka, shi ma da irin da maƙwabta suka tsakura mata. Irin geron da ta binne a tukunya cikin ɗakinta, wanda ta hana 'ya'yanta ci duk tsawon yunwar, shi ta sa aka tone aka sayar.

Muna zaune a gindin bango na nemi gafararta. Leɓenta na ƙasa ya mutu tun daga aikin da aka yi mata a babban asibiti, maganarta takan ɗan karkace.

"Alheri ka nufe ni da shi," in ji ta. "Amma da ka tambaye ni me na ajiye kafin ka kai ni."

Abin da suka girbe a shekarar bai kai su tsakiyar rani ba. Babbar 'yarta ta zo birni aikatau, ba ta sake zaman ƙauyen ba. Likitan ya yi wasu shekaru a ɗakinsa na bayan kasuwa, mukan haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa.