Mangwaron Baba Direba

Baba Direba ya ajiye tuƙi da sauran ƙarfinsa, sai ya juye shi a filin bayan gida. Da damina kuɓewa da alayyafo, da kaka kabewa, da rani tumatir da albasa na ban-ruwa. Matarsa, Inna, ba ta tambayar wane wata ake ciki. Abin da ya ajiye mata a ƙofar kicin shi ke gaya mata. In ɗanyar kuɓewa ta ƙare, sai ta sauko da busasshiya.

Amma ransa yana kan mangwaron da ya dasa a kusurwa, dab da katangar maƙwabcinsa, wani mahauci. Saiwar ta tsaga katangar. Mahauci ya yi magana da wasa, ya yi da gaske, ya turo dattawa. Baba ya ce katanga ce ta zo ta tarar da bishiya.

Wata bazara mangwaron ya yi 'ya'yan da bai taɓa yi ba, sai da aka tokare rassa. Inna ta raba wa unguwa har ta gaji. Kowa yana yi wa Baba barka, shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba, don ya san bishiyar da ake kashewa ce ke zuba 'ya'ya haka. Ya kutsa tsakanin gindin da katanga, ya yaye busasshen ganye. An zagaye gindin da wuƙa, an ɗaye ɓawon tas, an shafe wurin da laka.

Ya ɗauki fartanya. Ya tarar da mahauci a ƙofar gida yana wasa wuƙa.

“Maƙwabci, fiɗa ka yi wa bishiyata?”

“Ba ga shi ta haihu ba, Baba? Godiya ya kamata ka yi min.”

Ƙotar fartanya ta sauka a kafaɗar mahauci, ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Mahauci ya faɗi, ya kawo sara da wuƙar daga ƙasa, Baba ya cafke kaifin da hannun dama. Suka mirgina cikin kwata, tsofaffi biyu, wannan ya shaƙe wuya, wancan ya ciji kunne, jini yana bin ruwan wanke-wanke. Sai da maza suka taru kafin a ɓamɓare su. A asibiti aka ba su gado kusa da gado, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Jijiyoyin yatsun Baba ba su haɗu ba; bai sake riƙe fartanya ba. Mahauci ma ya koma yanka da hagu. Kafin wani ranin mangwaron ya bushe a tsaye.

Inna ta karɓi lambun. Da inuwa ta kau, kusurwar nan ta ba da tumatir manya, jajaye, irin da Baba ya yi shekaru yana nema. Ranar da ta fara miya da su, ya tambaye ta daga ina ta tsinko. Ta gaya masa. Ya ture kwanon, ya ce ta kawo masa barkono da gishiri.