Motar da Ba Ta Miƙewa Sai da Kawu

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta da daidaita ƙafafun kat-kat ɗin babanmu ba, motar nan mai shiga daji.

Tsohuwa ce, gabanta a duƙe, kullum tana buga ciki a koramun hanyar Buza zuwa Keita. Ni ke tuƙa ta, ni kuma na matsa aka sa mata ƙarafa aka ɗaga gaban. Ta yi kyau kam, amma sai ta koyi ja gefe, sababbin tayoyi suna cinyewa ta gefe ɗaya. Baba ya ce in suka ƙare kafin damina, zai karɓe makulli in koma hauya. Na tsorata ƙwarai, don ni da noma ba ma shiri.

Na nufi gareji a Madawa, kawuna ya biyo ni. Kawu mutum ne mai jiki, shi kaɗai yake cika kujerar mutum biyu. Ya sha fura, ya jingina a cikin mota, ya rufe ido. Makanike ya ja zare ya kewaye tayoyi, ya kalli Kawu, ya kalle ni.

"Ka tashe shi mana," ya raɗa mini.

"Ni? Kai dai ka tashe shi!"

A garinmu Tama ba a ce wa babba ya sauka. Haka aka auna, aka ɗaure, Kawu na ciki. Muka dawo gida mota na tafiya sambal.

Washegari na fita ni kaɗai, ta koma jan ta. Na ɗauki Kawu, ta miƙe. Daga nan duk inda za ni, ko Tamaske ko Sabon Gida, sai na biya na lallaɓo shi. Yana ta faɗa wa mutane albarkarsa ce ke riƙe da motar.

Ranar da ya tafi ta'aziyya garin Tawa, mota ta wuni tana ja gefe, na ga ba makawa. Da ya dawo na kai shi gareji, na durƙusa na ce: "Kawu, don Allah ka sauka a gyara."

Ya yi tsaki. "Mi ya hana ku hwaɗi tun rannan? Ni ba kwana nike ba, zahi ya kusa kashe ni! Cewa na yi nauyina kuka so."

Makulli ya tsira da ƙyar, taya ɗaya ta tafi. Tun daga ranar na gane girmama babba bai hana a gaya masa ya sauka ba.