Ranar da Myron Ya Ɗauko Takarda Mai Sunansa

Myron Holowaty bai yi karatun lauya ba, sakandare ma da ƙyar ya gama. Amma shekara ashirin da bakwai, duk takardar da ta fita daga ofishin lauyoyi na Thiessen da Pruden a hannunsa ta fita. Shi ne masinja. Da safe ya kai takardu kotu a buga musu hatimi, da rana ya ɗauki farar motar ofis ya bi gonaki yana raba sammaci. Babu hanyar da bai sani ba a wannan ɓangare namu na Saskatchewan, a ƙasar Kanada. Ya san gidan da karensu ke cizo, ya san gidan da za a zaunar da shi a ba shi kofi ko da takardar da ya kawo ta ƙwace gona ce. Da abu biyu yake taƙama: bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa leƙa takardar da aka aike shi da ita ba.

Tsoho Thiessen ne ya ɗauke shi aiki. Da tsohon ya rasu, 'yarsa Lorraine ta gaji kujerar, wadda Myron ya sha ɗaukowa daga makaranta tun tana firamare. Yana ce mata Barista, tana ce masa Kawu.

Matarsa Verna ta rasu a watan Disamba. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne kawai a gidan shekara talatin da takwas. A kwana na arba'in, wata Lahadi cikin Janairu, aka yi mata addu'a a coci, aka sauka ɗakin taro na ƙasa cin abinci, dafaffiyar alkama da zuma da naɗin kabeji. Nestor, ƙanin Verna, ya zo da giyar da yake dafawa da kansa, yana bin maza da ɗan ƙaramin kofi. Myron ba mashayi ba ne, duk mun sani. Amma duk wanda ya dafa kafaɗarsa ya ce a kurɓa don Verna, sai ya kasa cewa a'a.

Wajen ƙarfe uku na rana ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci, ya sulale ya fita. Sanyin ranar ya kai digiri talatin da shida ƙasa da sifili. Sai ya yi abin da kowane ɗan garin nan zai yi ba tare da tunani ba: ya shiga motarsa, ya tayar da inji, ya kunna hita. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba tun Disamba. Motar ko motsi ba ta yi ba.

Wata 'yar sanda da ke wucewa ta hango mutum a kife, ta zaci ciwo ne ya kama shi. Ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Baba, lafiya kuwa?"

Yana sauke gilashin ta ji warin.

"Ina za ka haka?"

Shekara ashirin da bakwai yana jin lauyoyi suna gaya wa mutane ta waya cewa su kama bakinsu, kada su ce uffan sai lauya ya zo. Shi da kansa ya sha maimaita mana wannan a teburin da muke shan kofi da safe. Amma Myron mutum ne da in an tambaye shi sai ya amsa.

"Gida, 'yata. Bari dai motar ta ɗan yi ɗumi."

Ya hura na'urar gwajin giya, ta nuna ya wuce ƙa'ida. A wurin doka, mai maye da ke kujerar direba da inji a kunne bai da wani bambanci da wanda ya hau titi. Nan take aka karɓe lasisinsa, aka janye motar, aka ba shi takarda ya bayyana a kotu ranar Litinin, bayan mako huɗu.

Washegari ya isa ofis da ƙafa, gashin bakinsa duk ƙanƙara. Darlene, sakatariyar da suka tsufa tare a wurin, ta ɗago daga teburinta.

"Kai tsoho, daga wane firji ka fito? Ina motarka?"

"Likita ya ce in riƙa takawa."

"A wannan sanyin? Likitan naka magajinka ne?"

Ya yi dariya, ya wuce makullin farar mota da ke rataye a ƙusa bai taɓa shi ba. Kotu tafiyar minti ashirin ce, ya taka. Na gonaki kuwa, mu abokansa uku muka raba kwanaki. Ɗayanmu ya faka a bayan shagon magani, Myron ya fita ta ƙofar baya da jakarsa ya shiga. Kullum a hanya maganar ɗaya ce.

"Ka gaya mata, Myron. Lauya ce fa, irin wannan ne abincinta."

"Gobe."

Ba tsoron faɗa yake ji ba. Ya san cewa masinjan da ba ya tuƙi ba masinja ba ne, kuma tun da Verna ta tafi, wannan ofis ne kaɗai wurin da ake jiran isowarsa da safe. Sau uku yana zuwa har bakin ƙofar Lorraine, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tambayi Darlene ko akwai abin kaiwa gidan waya.

Ga yadda aikin yake: kowace Juma'a da yamma magatakardan kotu yana fitar da jerin shari'un da za a kira ranar Litinin. Myron ne ke karɓowa ya ajiye a teburin Lorraine, ita kuma ta bi sunayen da biro tana neman nata mutanen. Ya san wannan fiye da kowa. Ya san Juma'ar da sunansa zai fito a jerin tana nan tafe.

Ranar, magatakardan da ya saba tsokanarsa a kan sanƙonsa bai tsokane shi ba. Ya kife takardar ya turo masa, yana kallon wani wuri. Myron ya fito ya tsaya a matakalar kotu. A karo na farko a rayuwarsa ya juya takardar aike ya karanta. Sunansa ne na goma sha ɗaya, tsakanin wani da ya fasa shago da wata da ta ƙi zuwa kotu. Akwai kwandon shara a gefensa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa takardar a jaka, don an aike shi ne, ya kama hanya.

Lorraine tana cin biskit a kan wani fayil lokacin da ya shiga.

"Kawu, ajiye nan. Wa ya sake jan magana a garin nan?"

Bai ajiye ba. Ya cire hula, ya rufe ƙofa.

"Lorraine."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun ranar jana'izar babanta. Ta ajiye biskit ɗin.

"Lamba goma sha ɗaya," ya ce, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ya ba ta labarin a tsaye, daga kofin Nestor har zuwa na'ura. Tana ji fuskarta tana ɗan saki.

"Ba ka tuƙa ba? Motar a tsaye take? To ai da sauƙi, Kawu. In mutum ya shiga don jin ɗumi ne kawai, ba da niyyar tafiya ba, akwai abin da za a faɗa wa alƙali. Ita 'yar sandan, me ka ce mata?"

"Ta tambaye ni ina za ni."

"Ka ce?"

"Na ce gida."

Lorraine ta rufe fuska da tafin hannu.

"Haba Kawu. Haba. Sau nawa ka ji ni ina faɗa? Sau nawa ka ji Baba?"

"Ta tambaya cikin ladabi ne."

"Kuma mako huɗu kana ɓoye mini? Wa ke kai sammaci gonaki?"

"Ni. Abokai ke ɗaukata. Ko ɗaya bai makara ba, Barista."

Nan ta yi wata irin dariya da ta ƙare da hawaye. Ta ce da gaske zai tafi gidan in motar ta yi ɗumi? Ya ce bai sani ba, kuma wannan ne abin da ke hana shi barci. Ta ce da ita ce kaɗai, da ta ba shi makulli ranar da aka maido masa da lasisi. Amma ba ita kaɗai ba ce. Kamfanin inshorar motar ofis yana duba tarihin direba kowace shekara, kuma ba ya karɓar mai irin wannan laifi. Pruden, abokin aikinta, dama ya daɗe yana cewa a daina ajiye masinja.

"Ba zan kore ka ba," ta ce. "Amma hanya kam, ban san yadda zan yi ba."

"Na sani."

Ranar Litinin ya zauna a bencin da ya shekara ashirin da bakwai yana wucewa ta gabansa. Lorraine ta tsaya kusa da shi. Ya amsa laifinsa, aka ci shi tara, aka hana shi tuƙi shekara ɗaya. Alƙalin, wanda ya san shi sarai, bai ɗago kai ba har aka kira na goma sha biyu.

Sai aka sauke shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin ofis, inda tsofaffin fayiloli suke, yana sa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya ana kwafewa a kwamfuta. Babu taga. Darlene tana sauko masa da kofi ƙarfe goma.

"Tsoho, kana raye a kabarin nan?"

"Ina nan, uwar surutu. Wa ya kai na gidan Friesen? Ku gaya masa kada ya bi ta ƙofar gaba, karen nan ba ya wasa."

Wani kamfanin aike daga birni ya karɓi gonaki. Kotu ta fara karɓar takardu ta kwamfuta, jerin Litinin ma ya koma zuwa da kansa a allon kwamfutar Lorraine. Mu kuma ba mu da abin yi masa sai kofi da safe da raka shi ofis in hanya ta yi santsi.

Da shekara ta cika, ya yi duk kwas ɗin da aka ce ya yi, aka ba shi sabon lasisi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau sama, ya ajiye shi a teburin Lorraine daidai inda yake ajiye jerin Litinin. Ta dube shi, ta dubi ƙusar da babu makulli a jikinta. An sayar da farar motar tun bazara.

"Kawu..."

"Na sani, Barista. Na kawo ne kawai ki gani."

Ya mayar da shi aljihu, ya sauka ƙasa ya ci gaba da fayilolinsa.

Myron ya rasu a farkon Janairun bana, zuciya ce, a kujerarsa ta falo. An sami lasisin a aljihun rigarsa, ko lanƙwasa bai yi ba. Mun yi masa addu'ar arba'in a wancan ɗakin taro, Nestor ya zagaya da ɗan kofinsa, muka kurɓa don Myron. Da muka fito ana zuba sanyi mai shiga ƙashi, motocinmu na jere a gabanmu, makullai na aljihunmu. Mu uku muka tsaya a bakin ƙofa muna rawar ɗari, har Darlene ta zagayo da tata motar ta kwashe mu.