Nonon da Na Kawo wa Inna Tsaraba daga Shafa

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban sa ko hoto ɗaya a shafin nan ba. Masu tambaya ko na sayar da keken ne, ban sayar ba, yana can kan soro. Ciwo na yi. Kuma ba ni kaɗai ba, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Tsofaffin abokai sun san al'adarmu. Duk Asabar mu ɗora kekuna a mota daga unguwar Mansur a nan Makka, mu hau hanyar dutsen Hada, mu wuce Ɗa'ifa zuwa duwatsun Shafa. Daga can mu gangara kwarin nan da na ishe ku da hotunansa: hanyar awaki mai tsakuwa, gonakin wardi hawa-hawa, gajimare yana ratsa mutum, ga birai marasa kunya.

A ƙasan kwarin akwai wani dattijo makiyayi. Ran nan ya tatsar mana nonon akuya, muka sha da ɗuminsa. Ina kurɓa na tuna Inna.

Mahaifiyata ta fi shekara talatin rabonta da gida, ƙasar Hausa. Duk sanda na sayo mata nonon kanti sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai ruwan alli ne." Kuma ɗan Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu Rabbana. Na zubar da ruwan gorata, dattijo ya cika mini ita.

Da na kawo wa Inna, ba ta tafasa ba. Ta juye a ƙwarya ya kwana, ta dama mana fura. Mu biyu muka sha, tana ta sa mini albarka.

Bayan sati uku zazzaɓi ya fara. Da safe garau, la'asar na yi sai sanyi, sai zufa kamar an watsa mini ruwa. Gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Ni da nake haye dutse da keke, matakalar gidanmu ta gagare ni.

Yayana Sale, direban taksi ne, shi ya kai ni asibiti. Aka ɗebi jini sau biyu. Likita ya duba takarda ya ce, "Zazzaɓin Malta ne. Ka sha ɗanyen nono?"

Na ce na sha.

"Akwai wanda ya sha tare da kai a gida?"

Yaya Sale na tsaye a kaina. Shi ne wanda kullum yake cewa, "Auta, gemu a fuska kana wasan sekal? Wata rana sai ka jawo mana." Sekal dai keke ne a bakin 'yan Makka. Na kalle shi, na kalli likita.

Na ce babu.

Wannan kalmar ce ta hana ni rubutu wata bakwai. Na yaudari kaina cewa nonon Inna ya kwana ya yi tsami, tsamin ya kashe ko ma mene ne. Gaskiyar magana, tsoron bakin Yaya ne kawai.

Aka ɗora ni kan ƙwayoyi na sati shida. Ɗaya tana mayar da fitsari ja, ɗayar kuma ba ta shiri da rana, a Makka! Inna ce ke riƙe da lokacin maganin, ita ke dama kunu, ita ke canza zanen gado. Ina ganinta tana dafa bango in za ta miƙe. Na tambaye ta, ta ce, "Tsufa ne, ya waladi. Sha maganinka, ɗana." Na karɓi amsar da hannu biyu, don ita nake so in ji.

Ni ina samun sauƙi, ita tana ramewa.

Wata ranar Laraba ta yi ruku'u a sallar azahar, ta kasa ɗagowa.

A mota, a hanyar asibiti, na faɗa wa Yaya komai. Na jira faɗa, bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Sati biyar kana ɓoye wannan, Auta?" Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

An sa Inna cikin na'urar hoto mai ƙara kamar injin niƙa. Hoton kaɗai ya cinye gumin Yaya na kwanaki, bai taɓa ambata ba. Likitar ƙashi ta ce cutar ta sauka a ƙashin bayanta. "Da kun zo da wuri, da ƙwaya kaɗai ta isa."

Kwana ashirin a gado, allura kullum, sannan ƙwayoyi wata uku. Na ji tsoron da ban taɓa ji a bakin kowane rami ba.

Na durƙusa gaban gadonta na nemi gafara. Ta kalle ni ta ce, "Tsarabar ba laifi ba ce. Ƙaryar ce ban koya maka ba."

Alhamdulillahi, gwajinmu na ƙarshe ya fito lafiya, ni da ita. Amma bayanta bai koma daidai ba. A kan kujera take salla yanzu.

Ina gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da Yaya Sale, da abokan keke da suka yi ta zarya da abinci.

'Yan'uwa masu hawa Shafa, duk karamcin makiyayi, ku tafasa nono kafin ku sha. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, a je a gwada jini. Kuma in likita ya tambaye ku wa ya ci tare da ku, ku lissafa kowa, ko wa ke tsaye a kanku.

Jiya na kai Inna Harami. Matar da take ɗawafi da ƙafarta duk Juma'a, ni na tura ta a keken marasa lafiya zagaye bakwai. A na huɗu ta waiwayo ta ce, "To Auta, yau dai ka samu keke mai amfani. Tura a hankali, nan ba Shafa ba ne."

Ita dariya take yi. Ni ban iya ba.