Akwatin da Aka Saya wa Muryar Baba

Baba ne ladanin unguwarmu tun ban san kaina ba. Da tsufa ya kama shi sai murya ta sirance, ko ya manna baki a mikoro mutanen bayan rijiya ba sa jin kiran azahar. Dattawan masallaci suka fara shawarar a ba wani matashi aikin. Ba su faɗa masa ba, amma matansu sun faɗa mini, su da magana ba ta kwana a cikinsu.

Mai gyaran rediyo na garinmu ya duba kayan, ya ce ampili, wato injin ƙara sauti, lafiya lau, lasifika ma haka. Abin da ake so wani ɗan akwati ne da ake haɗawa tsakanin mikoro da ampili, ya ɗaga murya kafin ta shiga. Na sayar da akuyata, na ba ƙanena kuɗin, ya hau moto zuwa Tasawa ranar kasuwa. Ni ba mai fita ba ce, ko Mayahi sai da babban dalili. Amma kunnena kowa ya shaida, daga ɗaka nake gane amalanken wa ke wucewa.

Ya kira ni a waya daga shagon da ake sayar da akwatin. Ya ce kuɗin akuya ba zai wuce ɗaya cikin biyu ba, ko wani tsoho baƙi da aka taɓa amfani da shi, ko wani sabo mai fitilu.

Na ce, "A gwada in ji."

Mai shago ya kwarara "alo, alo" kamar mai korar shanu daga gona. Sabon ya amsa alo-lo-lo, ƙarƙashinsa kuma wani zuuu, sai ka ce zuma ta shiga tulu.

"Ce masa ya yi magana a hankali, kamar Baba."

"Yaya, mutane na kallona fa."

"Su kalle ka. Akuyarsu ce?"

Da mai shagon ya sassauta murya, tsohon akwatin ya fito da ita tas, har numfashinsa na ji. Na ce shi za a ɗauko. Ina jin mai shagon daga gefe, wai matar cikin gida mi ta sani, manyan masallatai duk mai amsa-kuwwa suke sawa. Sai waya ta katse. Da yamma ga ƙanena da mai fitilu a ƙarƙashin hammata, yana ta washe baki.

Washegari aka haɗa shi a masallaci. Ina tankaɗe azahar ta yi. Gyaran murya kawai Baba ya yi, abin ya zagaye gari ya dawo. Kiran ya fito kamar daga ƙasan rijiya, kowace kalma tana taka ta gabanta, zumar nan tana biye. 'Yar karkarwar da yake yi a ƙarshen kira, mai sa jikina ya yi sanyi tun ina yarinya, ta nutse cikin hayaniya. Na ajiye rariya don takaici.

Amma fa an ji. Makiyayan da ke shayar da shanu can bayan gari ma sun ce sun ji. Dattawa suka bar maganar matashi. Baba, da kunnensa ya yi nauyi, ya shigo gida yana ta sa mini albarka, wai muryar samartakarsa ta dawo. Na ce amin, mi zan ce? Ƙanena kuwa ya tsaya jiran yabo, na bar shi tsaye.

Har yau Baba ke kira. Ina amsawa kamar kowa, haƙora a cije.